Sha Biyun Tahiru Baduku

Shekarar da aka ba mu mulkin kai, aka kawo sabon shugaban gidan waya a Zinder, baƙar fata ɗan'uwanmu, ana ce masa Mushe Lawali, Mushen nan na Faransanci, kamar a ce Malam. Ni kuwa teburina yana bakin ƙofar gidan wayan tun zamanin Turawa, ina rubuta wa mutane wasiƙa, in karanta musu wadda aka aiko. Kwana uku da kama aikinsa ya leƙo ta taga ya yafuto ni.

Ya ce, "Malam Habu, dattijon nan mai zuwa kullum da rana, lafiyarsa ƙalau kuwa? Sai ya tsaya gaban agogon bango, ya jira ya buga sha biyu, sannan ya daidaita nasa a ƙarfe bakwai. Jiya da idona na gani."

Na ce masa lafiyarsa ƙalau, sunansa Tahiru Baduku, mijin yayata ne, kuma a duk Damagaram babu agogon da ya kai nasa tafiya daidai. Mushe Lawali ya dube ni kamar ni ma a bincika tawa lafiyar. Ban ba shi labarin a ranar ba, don akwai layin mata suna jirana. Ga shi nan yanzu.

Tahiru baduku ne ɗan baduku, rumfarsa tana unguwar Zango. Jaka, kube, matashin fata, linzami, babu wanda hannunsa bai iya ba. Abin da ya haɗa shi da agogo kuwa maɗauri ne. Zafin garinmu yana cinye fatar da Turawa ke zuwa da ita daga ƙasarsu, wata biyu sai ta tsage, sai kuku ya kawo wa Tahiru ya yanka sabuwa ta jar fatar akuya. Yana ɗinki yana kara agogon mutane a kunne. Wani lasidan, hafsan sojan Turawa, da za a mayar gida ya ga yadda yake lallaɓa abin, ya kwance nasa ya bar masa kyauta. Daga ranar gidan yayata Zuliha bai sake zama yadda yake ba.

Kowace safiya sai ya murɗa kan agogon sau ashirin da biyu. Ba ashirin da ɗaya ba. In ka yi masa magana a tsakiya ya ɓata lissafi, ranar ba za ka ga haƙoransa ba. In zai yi alwala sai ya kwance shi, ya naɗe a ƙyalle, ya sa a hula, ya ɗora hular a inda ruwa ba zai fallatsa ba. In zai kwanta ya kifa shi a kan tasa, wai in ya kwana a rigingine yana ƙara sauri. Ni ƙanin mata ne, akwai wasa tsakaninmu, saboda haka ban taɓa raga masa ba. Nakan ce, "Yaya Tahiru, an yi wa amarya shimfiɗa?" Sai ya ce, "Kai da rana ma ba ka san inda take ba, ina ruwanka."

Ba shi kaɗai ba ne. Su uku ne masu wannan ciwo: shi, da Alkasum direban kamyo, babbar motar kaya mai zuwa Kano, da Mai Nasara, kukun wani likita. Kullum in rana ta kusa tsaka sai su hallara a zauren gidan waya, inda babban agogon bango yake, wanda Baturen wurin ke gyarawa kowace safiya da saƙon da ke zuwa masa ta waya. Tahiru yana da wurin tsayawarsa, daidai tayil na huɗu daga ƙofa, don ya ce in ka tsaya a gefe hannun agogo ƙarya yake yi maka. Saura minti ɗaya sai ya ja kan agogonsa, ya ɗan danne shi baya har siririn tsinken nan mai gudu ya tsaya cik a kan sha biyu. Ya riƙe numfashi. Da an ji bugu sai ya sake shi.

A cikin wannan minti ko liman ne ya yi masa sallama ba ya amsawa. An gwada, limamin unguwarsu da kansa, kuma maganar ta kai mako ana yin ta a Zango.

Sun taɓa ɓatawa da Alkasum wata guda cur. Agogon bango sau sha biyu yake bugawa, to wanne ne sha biyun gaskiya? Tahiru ya ce bugun farko. Alkasum ya ce na ƙarshe, don ba a ce mutum ya ƙirga sha biyu sai ya kai sha biyu. Mai Nasara, da ba ya son rigima, ya ɗauki na shida, duk su biyun suka daina gaishe shi. Manyan mutane masu gemu da iyali. Ni ina teburina ina kallo, wani lokaci sai in bar alƙalami in riƙe ciki.

Har zuwa nan abin dariya ne kawai. Sai shekarar hamsin da biyu aka ɗauki Suma'ila soja.

Suma'ila shi ne ɗansu na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Kowa ya san yadda muke da ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yaba shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Uban ma haka. Zuliha "wancan" take ce masa, Tahiru kuma "yaron nan". Ranar da labari ya zo cewa za a kai su wata ƙasa mai nisa, Indoshin, inda Faransa ke yaƙi, yayata tana tankaɗe. Ta ce, "To, Allah ya tsare," ta ci gaba da tankaɗenta. Na ga garin yana zuba a ƙasa, ba a cikin ƙwarya ba.

Tahiru kuwa ya ɗinka jakunkuna shida masu kyau ya ba Alkasum, aka musanyo masa agogo na biyu a Kano. Ya yanka masa maɗauri da hannunsa. Ranar tafiya ya ja yaron zuwa gidan waya, ya tsayar da shi a tayil na huɗu, suka saki agogunansu tare a bugun farko. Ina kusa, na ji abin da ya ce masa, idonsa a kan bango, ba a kan ɗan ba.

"Kullum midi, sha biyun rana, ka duba shi. Ni ma ina nan ina duba nawa. Minti ɗaya. Ka ji ko?"

Suma'ila ya ce, "Na ji, Baba."

Shi ke nan sallamar da suka yi. Kamyo ya ɗebe su ya nufi Yamai.

Daga ranar sha biyun Tahiru ta tashi daga wasa. A ransa, muddin yana tsaye a wurin nan a bugun farko, to shi da ɗansa suna kallon abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma yaron yana raye. In ya makara da daƙiƙa goma, ya bar yaro shi kaɗai daƙiƙa goma a ƙasar da ba a san ko akwai masallaci ba. Bai taɓa faɗa da baki haka ba, amma ni na gane, Zuliha ma ta gane. Ya bar ɗaurin aure a tsakiya. Ya bar wani attajiri tsaye da kuben takobi a hannu. Ranar Lahadi da ake rufe gidan waya, ta tagar baya yake leƙawa, yana tsaye a kan wani dutse da shi ya kawo shi ya ajiye. Ranar Juma'a da gudu yake isa masallaci, babbar riga na jan ƙasa.

Wasiƙa takan zo wata uku, wata huɗu, wani abokin Suma'ila ne ke rubuta masa da Faransanci, ni nake karantawa. Gaisuwa ce, da labarin ruwan sama da shinkafa, a ƙarshe kuma kullum layi ɗaya: a gaya wa Baba ban taɓa fashin midi ba. In na zo wurin sai Tahiru ya ce in maimaita, wai bai ji da kyau ba. Zuliha tana bayan ƙofa, wai tsintar wake take yi.

Ita ma tana da nata. Gidana katanga ɗaya ce da nasu. Tun daga tafiyar yaron, kafin kiran assalatu ta riga ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa da ke rufe, ta zauna da carbi har gari ya yi haske. Da na tambaye ta, cewa ta yi nan ne sauro bai cika yawa ba. Wata asuba ina ɗiban ruwa a randa na ji muryarta ta katanga, ƙasa ƙasa. Sunansa take kira, Suma'ila, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba tun ranar suna. Na ajiye moɗa a hankali na koma ɗaki.

Tahiru yakan wuce ta a hanyarsa ta masallaci, kuma bai iya wucewa shiru ba.

"Ke dai kina ta aika saƙo ba adireshi. Yau kin fara da wuri, gobe kin makara. Shi ya san yaushe zai tsaya ya karɓa?"

Takan ce, "Malam, wuce kar ka rasa jam'i. Ni zakara ya ishe ni."

"Zakara! Zakaran da jiya ya yi cara saura minti goma sha ɗaya."

"To ka ɗinka masa maɗauri."

Haka suka yi shekara biyu. Da damina ta hamsin da huɗu zazzaɓi ya kama Zuliha. Ta tashi, ya sake kayar da ita. Kwana shida tana rarrafawa zuwa ƙofar ɗakin nan da asuba, rana ta bakwai ta kasa. Da hantsi jikin ya yi tsanani. Ina zaune a bakin gado, matata tana yi mata fifita, Tahiru yana tsugune yana riƙe da hannunta. Na ga yana satar kallon ɗaya hannun nasa, mai agogon. Ita ma ta gani.

Ta ce, "Malam, yau dai ka zauna."

Ya ce, "Minti goma ne, in je in dawo. Kin san yana jira."

Ta rufe ido. Ya tashi. Na bi shi har zaure na riƙe masa riga, na ce, "Yaya Tahiru, ka ji tsoron Allah." Ya fizge. Daga Zango zuwa gidan waya da dawowa ba minti goma ba ne, shi ya fi kowa sani. Kafin ya dawo mun rufe ta da zane.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ƙarfe nawa?" Na ce masa ya tambayi agogonsa. Ya ce, "Habu, wajen yaron na je." Daga ranar na daina yi masa wasa, na daina yi masa magana in ba gaisuwa ba. Ina zaune a teburina zai zo ya wuce ni kullum, don ko ranar sadakar uku bai yi fashi ba. Na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Na tsani har ƙarar takalminsa a kan tayil.

Suma'ila ya dawo bayan wata tara, da rani. Ya rame, ya yi baƙi, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, amma da ƙafafunsa ya sauko daga kamyo. Labarin rasuwa ya riga ya same shi, ni na rubuta. Ya shiga gida ya tsaya a tsakar gida yana kallon turmi. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, mutane suka watse bayan la'asar. Muka rage mu uku a zaure.

Tahiru ya kasa haƙuri. Ya ce wa Suma'ila, "Kawo hannunka." Ya jera agogunan biyu a tafinsa, ya kai su bakin ƙofa wajen haske. Sai na ga fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka tun yayata na da rai.

"Minti biyu! Habu, zo ka gani. Shekara uku, teku da yaƙi, minti biyu kacal!"

Suma'ila yaro ne marar ƙarya, a nan ya gaji uwarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a bakin teku aka daidaita mini shi, da muka sauka."

"To da can fa?"

"Da can na can ne."

Tahiru ya ce bai gane ba. Ni ma ban gane ba, ni da na yi lakwal, makarantar boko, shekara huɗu. Ko an koya mana, to ranar ina gida da ciwon ido.

Suma'ila ya ce, "Da za mu tafi, a cikin jirgin ruwa, bayan ƴan kwanaki sai sarjan ya ce kowa ya tura agogonsa gaba awa guda. Na ɗauka nawa ne ke ja da baya, na yi ta jin kunya, na ce agogon Baba ya lalace a hannuna. Bayan kwanaki ya sake cewa a tura. Har sau bakwai na ƙirga. A dawowa kuma aka yi ta cewa a mayar baya. Wani ɗan Dahome mai ilimi shi ya yi mini bayani, ya ce rana tana riga fitowa a can. In ta take tsaka a can, nan ko fitowa ba ta yi ba. Wallahi Baba sai a hanyar dawowa na sani."

Tahiru yana motsa yatsu, yana lissafi. Ya fi ni saurin lissafin lokaci, na ga sanda ya kai.

Ya ce, "In ina gidan waya, kai kana ina?"

"Bakwai na yamma ke nan. Muna layin miya, na karɓar abincin dare."

"Kullum?"

"In ba a fita daji ba."

Tahiru ya gyaɗa kai. Ya sake motsa yatsun, wannan karon baya. "In kai kana duba naka fa?"

Suma'ila ya ce, "Ɗan Dahomen ya ce biyar na asuba ne a nan." Ya ɗan yi murmushi, don ya rage wa uban nauyi. "Na ce ashe Baba barci yake yi, ni ina ta tsayuwa a rana kamar soko. Amma ban yi fashi ba. Ko ana harbi sai na duba. Kuma in na duba, wallahi sai in ji kamar ana kiran sunana."

Bai san komai game da tabarmar ba. Babu wanda ya rubuta masa, ai ba abin rubutawa ba ne. Na buɗe baki, Tahiru ya ɗaga mini hannu. Shi ya faɗa masa, da bakinsa, yana kallon ƙasa: inda take zama, da lokacin da take zama, da abin da yakan ce mata in zai wuce. Bai rage ko kalma ɗaya ba, har maganar adireshin. Sannan ya gaya masa inda yake ranar da ta cika.

Ya ce, "Layin miya na je."

Suma'ila ya fita tsakar gida, muka ji kukansa daga can. Ni na zauna ina kallon mutumin da na yi wata tara ina jiran ranar da zan ga ya karye. Ga ta ta zo, kuma ban ji daɗin komai ba.

Washegari na ɗauka ba zai zo gidan waya ba. Saura minti biyar sai ga ƙarar takalminsa. Alkasum da Mai Nasara suna wurarensu. Ya tsaya a tayil na huɗu, ya ja kan agogo, ya yi ta murɗawa, ya yi ta murɗawa, har Alkasum ya ce, "Kai, Tahiru, ka wuce." Aka buga, ya saki. Agogonsa ya ce bakwai cif.

Tun daga ranar haka yake. Mutane suka daina tambayarsa lokaci, bayan wata mata ta tambaye shi da hantsi ya ce mata biyar na yamma saura kwata. Aka ce mutuwar matarsa ta taɓa shi. Alkasum ya ce dama mai bin bugun farko ƙarshensa ke nan. Suma'ila ya yi aure, ya kama aikin gyaran mota, ya koma wani gida kusa da tasha, ɗakinsa ya sake zama a rufe. Turawa suka tafi, aka sauke tuta aka ɗaga tuta, aka yi bikin da aka ce ƙarfe tara aka fara sha ɗaya da rabi, Tahiru bai ce uffan ba, shi da a da sai ya ƙirga wa kumandan, Baturen mulki, mintocin da ya makara. Mushe Lawali, mutumin kirki, har fitowa ya yi wata rana ya ce, "Baba, kawo in gyara maka." Tahiru ya ce, "Na gode, Mushe. Daidai yake."

Ni kuwa na daɗe da sanin daidai yake. Kwana kaɗan bayan dawowar Suma'ila na fito ɗiban ruwa kafin assalatu, na ga hasken fitila ta saman katanga. Na taka turmi na leƙa. Yana zaune a ƙofar ɗakin nan, a kan tabarmarta, agogon a tafin hannunsa, hannayen agogon biyu sun kusa haɗuwa a kan sha biyu. Sauro kuwa ya yi masa rumfa a ka, don wurin ya fi ko'ina sauro a gidan.

Na ce, "Salamu alaikum, Yaya Tahiru."

Bai amsa ba. Na tsaya a kan turmin na jira mintin ya cika.